Wanda Ya Bar Mijina A Bakin Hanya Yana Bukatar Jinina

Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ki, Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu, Kirista da Musulmi. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne, domin mu Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa, ko unguwa na faɗa an gane ni. Ina roƙo kada a yanke mini hukunci sai an kai ƙarshen labarin. Wanda kuma ya san abin da zai rubuto shi ne "ki yi haƙuri" kawai, don Allah ya riƙe kayansa. Haƙuri na ci shi har ya ginshe ni.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, malamar firamare. Aiki ne ya kawo mu Gumel ni da maigidana tun 'yarmu ta fari, Rahila, tana goye. Shi malamin dabbobi ne, don haka duk ranar Alhamis yana kara, wajen cinikin shanu, a kasuwar Maigatari, yana duba shanu yana yi musu allura. Fulanin Sule Tankarkar da na wajen Gagarawa har gida suke biyo shi da ƙwaryar nono da man shanu, suna kiransa Likita. Mutum ne da ko akuya ya ga tana ɗingishi sai ya tsayar da babur ya duba ƙafarta. Shekarun baya, wata Alhamis da damina, yana dawowa daga kasuwa da la'asar sakaliya, mota ta buge shi ta jefa shi cikin gero a bakin hanya, mai motar ya gudu. Wasu makiyaya ne suka tsince shi bayan ya daɗe a kwance, suka ɗora shi a amalanken shanu har suka sami motar da ta ƙaraso da shi asibiti. Na same shi da sauran numfashi, amma bai gane ni ba. Likitan asibitin ya faɗa mini da bakinsa cewa cinya ce ta karye, jijiya ta tsinke, jini ne ya ƙare masa. Ya ce da an kawo shi da wuri, wannan ba raunin mutuwa ba ne.

A ikkilisiyarmu, wato cocinmu, akwai wani dattijo ɗan kasuwa, mai motar a-kori-kura, bari in kira shi Baba Dattijo. Shi ya ɗauki gawar maigidana a motarsa har ƙauyenmu. Shi ya yi addu'a a bakin kabari yana kuka har muryarsa ta dishe. Duk Kirsimeti sai ya aiko mana da shinkafa da kaji. 'Ya'yana Baba suke ce masa, ni ma uba na ɗauke shi, matarsa kuwa Mama nake kiranta, ita ta kwana da ni duk kwanakin makoki. Sau nawa mutumin nan ya zauna a falona ina kuka ina tsine wa direban da ban sani ba, shi kuma yana girgiza kai yana cewa, "Maman Rahila, bar shi da Allah. Allah ba ya barci." Na ba shi ruwa da hannuna. Na durƙusa na gaishe shi.

Duk shekarun nan abin da ya riƙe ni shi ne ayoyin shari'a. Ba zan ɓoye ba, su na fi so a duk Littafi Mai Tsarki. Da kaka in na bi ta masussuka a hanyar makaranta, na ga mata sun ɗaga ƙwarya suna shiƙar gero, tsaba tana zuba ƙasa iska tana kwashe ƙaiƙayi, sai in tsaya ina kallo ina cewa a raina, ga ka nan, kai mai motar nan, ranarka tana zuwa, kuma wutar da za ta ci ka ba ta mutuwa. Da wannan nake samun barci. Da wannan na yi renon marayu.

Bana bayan girbi aka yi mana taron falkaswa, wato taron wa'azin farfaɗo da bangaskiya. Baƙon mai wa'azi ya ɗauko wa'azin Yohanna Mai Baftisma, inda yake cewa an riga an ɗora gatari a gindin itatuwa, duk wanda bai ba da 'ya'ya masu kyau ba za a sare shi a jefa a wuta. Har ya yi raha ya ce mu da muke maƙwabtaka da Maigatari ba sai an yi mana bayanin gatari ba, aka yi dariya. Ni ce na fi kowa ɗaga murya da Amin. Ana cikin waƙar kiran masu tuba sai Baba Dattijo ya miƙe daga kujerar dattawa, ya karɓi makirfo. Ya ce, "Jama'ar Allah, ni ne itacen nan. Ni na kashe Baban Rahila." Ya ce ranar ya ɗauko shinkafa 'yar waje ta fasa-ƙwauri daga bakin iyaka, yana gudu don ya wuce kafin a kafa shinge, sai ya kwashi mai babur. Ya ce ya tsaya. Ku ji fa, ya tsaya! Ya sauko, ya shiga cikin geron, ya ga ko wane ne. Ya ce maigidana ya buɗe ido ya dube shi ya ce, "Dattijo, kai ne? Na gode Allah. Taimake ni." Shi kuma ya tuna kayan da ke bayan motarsa, ya tuna 'yan sanda, ya tuna sunansa a gari, sai ya ja da baya, ya hau motarsa ya tafi.

Mijina ya gode wa Allah da ya gan shi. Wannan maganar ce take cina har yau.

Me kuke tsammani ikkilisiya ta yi? Kuka aka fara, sai kuma waƙa. Baƙon mai wa'azi ya rungume shi yana cewa yau ana murna a sama saboda mai zunubi ɗaya ya tuba. Mata suna ɗaga hannu suna Halleluya. Ni ina zaune kamar an dasa ni, ban ankara ba sai ga Fastonmu a gabana da makirfo, ga Baba Dattijo a durƙushe yana riƙe da ƙafata, ga Mama a bayansa tana birgima. Fasto ya ce, "Maman Rahila, 'yar'uwa, sama tana sauraronki. Me za ki ce wa ɗan'uwanki?" Me zan ce? Ido ɗari a kaina, 'ya'yana suna gefe suna kuka. Na buɗe baki na ce, "Na yafe." Aka ɗauki guɗa kamar gidan biki. Anti, ƙarya na yi. A gaban bagaden Allah na yi ta. Wannan shi ne laifina na farko, kuma har gobe ina jin haushin wanda ya sa mini makirfon nan a baki fiye da yadda nake jin haushin kaina.

Bayan mako dattawa suka zo gidana. Suka ce sun sauke shi daga dattijantaka, zai zauna a bencin baya na wasu watanni. Suka roƙe ni kada maganar ta je wurin hukuma, wai mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kada mu kunyata sunan Almasihu a idon maƙwabta. Bencin baya! Ran mijina kenan, bencin baya? Ni da ban kashe kowa ba shekara nawa ina zaune a bencin gwauraye? Sunan Almasihu bai kunyata ba ranar da dattijon ikkilisiya ya tsallake ɗan'uwansa, Fulanin da ba su san ƙofar majami'a ba suka ɗauke shi, sai yanzu da za a faɗi gaskiya? Maƙwabciyata, wata tsohuwa Musulma da nake kira Inna, ita kaɗai ta dube ni ta gane. Ta ce, "Malama, yafiya ba a ƙwatarta. Abin da aka matse aka fitar ba yafiya ba ne, miki ne aka rufe da ƙuda a ciki." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ki kula, wutar da aka rufe da toka mai ɗaki take fara ci." Na ɗauki rabin farko na maganarta, na bar mata sauran.

Tun daga ranar na koma faɗa da Littafin da nake ƙauna. Ba shi ne ya ce jinin Habila yana kuka daga ƙasa ba? To na mijina da ƙasar gonar nan ta shanye, bebe ne? Ba Yohannan nan ne ya ce masu tuba su nuna 'ya'yan da suka dace da tuba ba? Ina 'ya'yan? Hawaye da makirfo? Mutum ya ci shekaru yana cin abinci, yana aurar da 'ya'yansa, yana raba mana gurasar Jibin Ubangiji da hannun da ya ja ƙofar mota ya rufe, sai da ya tsufa ya ji ƙanshin kabari sannan ya tuba, shi ke nan gatari ya koma rataye? Da ina karanta labarin Yunusa ina yi masa dariya, annabin da ya hau tudu ya zauna yana jiran a ƙone Nineba, da Allah ya ji tausayinsu ya yi fushi har ya roƙi mutuwa. Yanzu ba na dariya. Yanzu na san abin da ya ji. Allah ya tambaye shi ko daidai ne ya yi fushi, ya ce daidai ne, har ga mutuwa. Ni ma amsata kenan, Ubangiji ya gafarta mini. Kuma da wannan zuciyar nake miƙa hannu ina karɓar Jibi, alhali na san an rubuta cewa mai ci da sha ba da cancanta ba hukunci yake ci wa kansa. Ina tsoron in ƙi karɓa a ce me ya faru.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Watan jiya Baba Dattijo ya faɗi a shagonsa yana aman jini. Aka ce gyambon ciki ne ya fashe, sai an yi masa aiki, kuma ba za a yi ba sai an tanadi jini. Jininsa irin mai wuyar samun nan ne. 'Ya'yansa duk an gwada, bai dace ba. An samu leda ɗaya ta jini daga wani bawan Allah, aka ƙara masa, ta tafi kamar an zuba ruwa a rairayi. Ni kuwa duk zumuntar mata ta ikkilisiyarmu an san irin jinina kenan, domin na taɓa ba wata 'yar'uwa lokacin haihuwa. Ranar nan ina tsakar gida ina wanki sai ga Mama ta shigo ko mayafin kirki babu. Matar da ta girme ni nesa ba kusa ba ta zube a gaban bahon wankina. Ta ce, "Maman Rahila, na san ba mu da bakin roƙonki. Amma ke kika ce kin yafe. Ki taimake ni, kada in zama abin da muka mayar da ke." Na dubi matar nan, na ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa ni tun daga ƙafa. Na ce a raina, ashe gatarin bai koma rataye ba. Shi ya bar jinin mijina ya ƙare, ga shi yau yana bara a kan jini. Na share hannuna a zani, na ɗaga ta, na yi muryar tausayi na ce, "Wayyo Mama, da da hali ai ko yanzu sai mu tafi. Kwanan nan aka gano ina da ciwon hanta, an hana ni ba da jini." Lafiyata ƙalau, Anti. Ko zazzaɓi rabona da shi an daɗe.

Kun san abin da matar nan ta yi? Ta manta da nata, ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Ke ma? Wayyo 'yata, ke ma?" Kafin Lahadi magana ta zaga. Aka sa sunana a addu'ar marasa lafiya, nawa da nasa a jere. Zumuntar mata suka zo suka ɗora mini hannu, wata ta kawo zuma, wata ta kawo saiwar da aka ce tana wanke hanta. Ina durƙushe a tsakiyarsu suna roƙon Allah ya warkar da ciwon da babu shi, ina cewa Amin. Wace irin mace na zama?

Rahila yanzu budurwa ce, tana karatun aikin lafiya. Da ta ji ta dawo gida a rikice, ta ce sai mun je an duba ni an ɗora ni a kan magani. Na yi ta zillewa, yau in ce makaranta, gobe in ce gajiya. Rannan da rana ta tare ni a ƙofar kicin ta ce, "Mama, dube ni. Wane asibiti aka gwada ki?" Na kawar da kai. Ta ce, "Ba ki da komai, ko?" Na ce ba ni da komai, kuma ko digo ɗaya ba zan ba shi ba, ya ji abin da ubanki ya ji. Sai yarinyar nan ta ce, "To ni na gwada, nawa irin naki ne. Zan ba shi." Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Na ce jinin wa? Jinin da ke jikinki na ubanki ne! Wanda ya rage a duniya kenan, shi za ki ɗiba ki zuba a jikin wanda ya bar sauran ya tsiyaye a gona? Ta ce, "Mama, ni ma ban yafe masa ba. Ko ganinsa ba na son yi. Amma shi ya ga Baba yana mutuwa ya juya baya, mu ma mun gan shi yana mutuwa mun juya baya. In an tara mu ranar shari'a, ta ina za a bambanta mu?" Na ɗauke ta da mari. Yarinyar da tun rasuwar ubanta ban taɓa ɗaga wa hannu ba. Ba ta yi kuka ba, ta dafe kunci ta shige ɗaki. Ni na yi kukan.

Na san wurin da take nufi a Littafin. Tumaki a dama, awaki a hagu, kuma abin da aka tuhumi na hagun da shi ba kisa ba ne, ba sata ba ne. Cewa Almasihu ya yi musu, "Na yi rashin lafiya ba ku kula da ni ba." Na koya wa yara wannan a makarantar Lahadi da bakina. To amma ku gaya mini, adalci ne a jera ni layi ɗaya da shi? Shi ya tuba a gaban jama'a, ya zama tunkiya, ni da aka zalunta in zama akuya? Wannan wane irin lissafi ne? In haka alheri yake, ina rabon wanda aka cuta?

Shekaranjiya zumuntar mata suka tafi dubiya, ba yadda zan yi in ƙi bin su. Na same shi ya zama kamar kara, leɓɓansa fari fat. Bayan an yi addu'a mata suna fita sai ya ce, "Maman Rahila, ɗan tsaya." Na tsaya daga bakin gado, ban matsa ba. Ya ce, "Na san lafiyarki ƙalau." Ya ce, "Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Tun ranar da kika ce kin yafe na ga idonki, na san ba a kyauta miki ba. Da gidanki ya kamata in zo, ke kaɗai, ki zage ni, ki kai ni inda za ki kai ni. Na zaɓi gaban jama'a don na san a can ba za ki iya ƙi ba. Ko a tubana sai da na cuce ki." Ya huta, numfashinsa yana sarƙewa, ya ce, "Kada ki ba ni jinin. Kada ki bar yarinyar nan ma ta bayar. Ban cancanta ba."

Kuna tsammani zuciyata ta yi sanyi? Ƙara tafasa ta yi. Wa ya ba shi izinin ya ce kada in bayar? Abu ɗaya da ya rage a hannuna, in hana shi, shi ma ya karɓe ya mayar da shi kyautarsa. Na so in same shi yana roƙo, in ga tsoro a idonsa. Sai na tarar da mutumin da ya faɗi gaskiyar da duk ikkilisiya ta kasa faɗa, kuma na rasa inda zan ajiye wannan. Na juya na fito. A bakin ƙofar asibiti na zauna a kan dakali kusa da masu sayar da ayaba da tsakar rana.

Likitoci sun gaya wa Mama cewa jikinsa ba zai jure dogon jira ba. Rahila ta ce ranar Litinin za ta je, ko na yarda ko ban yarda ba, kuma tun ranar marin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Likitocin sun ce leda ɗaya ba za ta isa aikin ba, ana bukatar biyu. Ta biyun tana jikina.

In na je na bayar, dole in tsaya gaban matan da suka yi addu'a saboda ni in ce ƙarya na yi musu, kuma zan bayar ne da zuciyar da ke fatan kada ya tashi. Allah yana karɓar irin wannan? In na ƙi ya mutu, na san ba zan ƙara iya buɗe Littafin nan ba, kuma 'yata za ta riƙa kallona da idon da nake kallonsa. In kuma ya warke da jinina, in riƙa haɗuwa da shi duk Lahadi yana tafiya da ƙafafunsa, anya ba zan haukace ba? Fastoci da ke karanta shafin nan, kada ku turo mini aya, na san su duka, wasu ma na fi ku haddace su. Ku gaya mini yadda mutum yake tuba daga fushin da har yanzu yake ganin yana da gaskiya a cikinsa. 'Yan'uwa Musulmi, ku ma ku faɗi naku, makiyayanku ne suka ɗauki mijina ranar da namu ya tsallake shi. Musamman ina son in ji daga wadda aka taɓa kashe wa nata, ta kuma san wanda ya kashe.

Litinin jibi ce. Me zan yi?